Shekarar da Nake Dafa Toka a Villeurbanne

Tokar ta zo mana ne cikin durom huɗu shuɗɗa, an ɗaure bakinsu da ƙarfe. Daga wata tsohuwar tashar lantarki aka kwaso ta, wadda ta yi shekara da shekaru tana ƙona kwal kafin a rufe ta. Tashar ta daina aiki, amma tokar tana nan jibge a bayanta kamar tsauni. Duk sanda aka yi ruwan sama sai ruwan ya ratsa ta, ya kwaso dalma da wasu ƙarafa masu guba, ya gangara da su rafi. Aikin da aka ba ni a jami'armu da ke Villeurbanne, a gefen Lyon, wanda a kansa zan rubuta kundin digirina na uku, shi ne in juya tokar nan ta zama wani gari da ake kira ziyolit. Garin yana da ramuka ƙanana da ido ba ya gani. Idan gurɓataccen ruwa ya bi ta cikinsa sai ya riƙe ƙarafan, ya saki ruwan.

A takarda abin yana da daɗin faɗi. A labo kuwa, wato ɗakin gwajinmu, aikin hannu ne zalla. In tankaɗe toka, in auna, in kwaɓa ta da ruwan soda irin wadda masu sabulu ke amfani da ita, in zuba a wata 'yar tukunyar ƙarfe mai kauri, in ɗaure murfin da iya ƙarfina, in sa a murhun lantarki ta kwana. Washegari in buɗe, in yi ta wanke abin da ya fito har sodar ta fita, in busar, in kai wa na'urar da za ta gaya mana ko mene ne na samu. Wata bakwai ina wannan, abin da nake so bai fito ba. Wani lokaci in sami dunƙule mai tauri kamar siminti, wani lokaci in sami tokar da na zuba ta dawo mini yadda take, sai ɗan haske da ta yi.

Ni 'yar Tawa ce, kuma Yayana ne ya tsaya har na zo Faransa. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne ya riƙe karatuna, daga lakwal, wato makarantar garinmu, har Yamai. Ya daɗe a nan kafin in zo. Yana aiki a wani babban ma'ajin kaya a Aubervilliers, kusa da Paris, inda suke sauke kwalayen takalma da yadi, su kuma loda wa 'yan kasuwar Maraɗi da Kano. Gidansa yana Stains, a hawa na shida, shi da matarsa, wadda nake ce wa Tanti, da 'ya'yansu mata biyu. Sau ɗaya a wata nakan hau mota daga Lyon ran Juma'a in je musu, in dawo ran Lahadi da kwanon dambu da yaji a jaka.

Da na shiga, kafin in ajiye jakar zai fara.

"Auta, har yanzu tokar kike dahwawa?"

"Ita fa, Yaya."

"Ikon Allah. Inna ma tana tace toka ta yi miya, kuma ba ta je jami'a ba."

Tanti ta ce masa ya bar ni in huta. Shi kuwa sai ya ja kujera, ya ce in sake yi masa bayani tun daga farko. Yana son jin bayanin, ko da ya ji shi sau goma. Wata rana da na gama, ya juya kofin shayinsa, sannan ya ce, "To in kin gama, garin nan naki zai gyara rijiyar unguwarmu? Wadda ruwanta ke ɓata haƙoran yara?"

Na gaya masa gaskiya, na ce matsalar rijiyarmu daban ce da ta tokar kwal, ban sani ba ko zai yi.

Ya ce, "To ki sani mana. Ai don ki sani kika zo."

A labo mutum biyu na fi hulɗa da su. Ta farko malamar da ke kula da aikina, Baturiya mai gajeren farin gashi, wadda ba ta da yawan magana. Ta biyu wata dattijuwa ce 'yar Cadi, mai wanke mana kwalabe da share ɗakuna, wadda kowa ke kira Hajiya, har Turawan. Ranar da ta ji ina waya da Hausa a baranda ta ajiye bokitinta ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da iyaye da sanyi. Daga nan kullum da safe sai mun gaisa.

Wata Talata ce a ƙarshen lokacin sanyi. Na canza yawan soda, na kuma bar tukunyar ta ƙara yini a wuta. Bayan azahar na buɗe ta, na fara wanki. Salulata tana aljihun farar rigar aiki. Na ji ta yi motsi, amma hannuwana suna cikin safar roba, jiƙe da soda, kuma idan aka tsaya a tsakiyar wanki abin yana toshe matacin. Na bar ta. Ta sake motsi, ta sake. Na ci gaba da zuba ruwa har takardar gwaji ta nuna sodar ta fita, sannan na cire safar, na wanke hannu, na duba. Tanti ce, sau uku.

Na kira. Muryar da ta ɗauka ba tata ba ce, ta wata maƙwabciyarsu ce. Ta yi sallama, ta tambayi lafiyata, ta tambayi karatu. Sai na ji Tanti ta karɓe wayar.

"Auta. Yayanki ya hwaɗi a wurin aiki."

"An kai shi likita?"

"An kai shi." Sannan ta ce, "Auta, sai haƙuri."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji bakina ya faɗe ta daidai, harafi bayan harafi. Na ce mata ina zuwa, na kashe wayar.

Abin da na yi bayan nan ina tuna shi sarai. Na kankare garin daga kan matacin na zuba a faranti na gilashi. Na rubuta lamba da rana a jikin farantin, na sa shi a murhun busarwa. Na kashe famfo. Na goge tebur, har ƙasan ma'auni. Na rubuta a littafin labo yawan ruwan da na yi wanki da shi. Hajiya ta shigo da kwandon kwalabe ta same ni ina jera alƙalumma a cikin gwangwani.

Ta ce, "'Yata, lafiya? Fuskarki ba daidai ba."

Na ce, "Yayana ne ya rasu."

Ta ajiye kwandon a ƙasa. Ta yi salati, hawaye suka zubo mata nan take. Na tsaya ina kallonta tana kukan mutumin da ba ta taɓa gani ba. Ita ce ta cire mini farar rigar, ta rataye, ta je ta gaya wa malamata. Ita ce kuma ta raka ni har bakin tiram, jirgin cikin gari, ta ce in sauka a tashar jirgi, kada in biya ta ɗakina, kaya ba su da muhimmanci.

A cikin jirgin ƙasa na zauna kusa da taga. Wani mutum a gefena yana cin tuffa. Gonaki suna wucewa, kore shar, da shanu farare. Na yi ta jiran abin ya zo mini, kamar yadda mutum ke jiran zafi bayan ya buge ƙafa. Har muka shiga Paris bai zo ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne ko na rufe ƙofar murhun da kyau.

Gidan Stains ya cika kafin la'asar ta ƙare. Takalma tun daga bakin ƙofa har kan matakala. Maza suna falo, mata suna ɗakin Tanti da kicin. Akwai mutanen Damagaram da na Garwa da na Njamena, wasu abokan aikinsa ne, wasu 'yan masallacinsu. Kowa ya riƙe hannuna ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, in ce amin. Tanti ta rungume ni. Na riƙe ta, ina jin ƙanshin turaren da ke jikin mayafinta, ina kallon agogon bango.

Likitoci sun ce zuciyarsa ce ta tsaya. Yana tura kwalaye a amalanke, ya ce wa abokin aikinsa bari ya ɗan zauna, bai kai ga zaman ba. Na tambayi abokin nasa ƙarfe nawa abin ya faru. Ya gaya mini. Na lissafa, na ga tun kafin kiran farko ya shigo wayata ya riga ya cika. Ban ji sauƙi ba, ban kuma ji nauyi ba. Na dai sani.

Da yake ni ce na fi jin Faransanci na takarda, ni aka ɗora wa zirga-zirga. Kwana biyu ina tsakanin asibiti da ofishin magajin gari da wurin masu shirya jana'iza. Ina sa hannu, ina rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ina rubuta sunan mahaifinmu da na Inna. Wata ma'aikaciya ta ɗago ta dube ni ta ce, "Vous êtes très courageuse," wai ina da ƙarfin zuciya. Na yi mata godiya. Ba ƙarfin zuciya ba ne, amma ban san sunan da zan ba shi ba.

Manya sun rabu biyu a kan inda za a binne shi. Wasu suka ce a kai shi gida, wasu suka ce a yi a nan. Aka kira Inna a Tawa, aka sa wayar a tsakiyar ɗaki kowa yana ji. Ta saurara har suka gama, sannan ta ce, "Ku rufe shi nan kusa da 'ya'yansa. Kada ku wahalar mini da shi a hanya." Daga nan ta ce a ba ni.

Na ɗauki wayar na fita baranda.

"Auta, kin ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Kin yi kuka?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To. Ba dole ba ne yau."

Ran Juma'a maza suka kai shi maƙabarta, sashen Musulmi. Mu muka zauna a gida. Na shiga kicin na wanke kofunan shayi, aka ɓata su, na sake wankewa. Da yamma abokan aikinsa suka kawo jakar da yake ajiyewa a wurin aiki. Akwai filas na shayi, da safar hannu da ta huje a babban yatsa, da dardumar salla, da rabin burodi a cikin takarda. Tanti ta ga burodin ta fashe da kuka. Ni na ɗauke shi na rasa inda zan kai, a ƙarshe na ɗora shi a kan firji.

Bayan addu'ar bakwai na koma Lyon. Malamata ta ce in ƙara hutu, na ce gara in yi aiki. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta ce in biyo ta ofis. Ashe da na tafi ta ciro farantin nan daga murhu ta kai na'ura. Ta juyo mini allon kwamfuta. Layukan da na yi wata bakwai ina nema suna tsaye a wurinsu, dogaye, ba gardama. Ziyolit ne, kuma mai kyau.

Ta ce, "Kin samu."

Na ce, "To."

Ta jira ko zan ƙara wani abu. Na tambaye ta ko akwai sauran soda a ma'aji, domin ina son in maimaita.

Na maimaita sau biyar, ya fito sau biyar. Daga nan aiki ya koma wani mataki. Na cika dogayen bututun gilashi da garin, na rataye su a jere, na sa gurɓataccen ruwa yana ɗiga ta sama yana fita ta ƙasa. Kowace sa'a in tara abin da ya fito a 'yar kwalba, in rufe, in rubuta lamba. Aikin ya dace da ni a lokacin. Ba ya son tunani, yana son mutum ya kasance a wurin kawai. Ina zuwa da safe, in zauna a kan doguwar kujera ina kallon ɗigon, in tashi in canza kwalba. Ina salla a kan lokaci a bayan ma'ajin kwalabe. Ina cin burodi a tsaye. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya ne, ruwan zafi da na sanyi a wurin wanka ma sai na duba famfo nake bambancewa. Sau biyu na wuce tashata a tiram, na bi shi har ƙarshen layi, na zauna har direba ya zo ya ce mini an iso.

Hajiya ba ta taɓa yi mini wa'azi ba. Ta fara zuwa da kwano biyu maimakon ɗaya. Da rana sai ta leƙo ta ce, "'Yata, taso." Mu zauna a ɗan ɗakin da take ajiye tsintsiya da sabulu, ta buɗe tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya, ta zuba mini ido har in cinye. Tana ba ni labarin ciwon gwiwarta da tsadar kifi. Wata rana ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da mijina ya rasu na yi wata biyar kamar an sa ni cikin kwalba. Ina ganin mutane, ina jin su, amma daga nesa." Ta tura mini nama gefena.

Da bazara ta shigo muka je wurin tokar da kanmu, ni da malamata, don mu ɗebo ruwan gaske maimakon wanda nake haɗawa a labo. Tsaunin toka ne launin toka, ciyawa ta fito a wasu sassansa. A gindinsa akwai wani ɗan kududdufi da ruwa ke tsatsafowa, bakinsa ya yi ja-ja. Na sa dogayen takalman roba na shiga, na cika jarkoki. Wani tsoho mai yawo da karensa ya tsaya ya ce mana a can ƙasa suke kamun kifi suna yara, mahaifinsa kuma a tashar ya yi aiki har ya tsufa. Ya tambaya ko za mu kwashe tokar. Malamata ta ce a'a, muna dai neman yadda za a tare abin da ke fita daga cikinta. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Ruwan gaske ya nuna mana iyakar garin. Dalma ya kama ta, ya kama wasu ƙarafan ma, ruwan ya fito ba su. Amma akwai wata guba da ake kira arsenik, ita ta bi ta cikinsa ta wuce kamar ba a sa komai ba. Malamata ta ɓata rai kwana biyu. Ni na rubuta sakamakon a littafi da irin rubutun da na rubuta mai kyan. Daga baya muka jiƙa garin da ruwan ƙarfe kafin a zuba shi a bututu, ya fara kama wani kaso na arsenik ɗin, ba duka ba. A haka aikin ya tsaya, a haka kuma na rubuta shi.

A tsakiyar damina ta can gida, nan kuwa ana zafi, aka tura ni wani taro a Paris in yi bayanin aikin. Na tsaya gaban mutane na yi magana minti goma sha biyar, aka yi tambayoyi, na amsa, aka tafa. Na fito na shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na nufi Stains. Makon ne Tanti ta fita takaba. Ta rame, ta yi duhu, amma ta sa atamfa mai launi. Ta ce tana son ta ga kabarin, ba ta son ta je ita kaɗai.

Muka hau bas biyu. Maƙabartar tana da faɗi ƙwarai, da tituna da lambobi kamar unguwa. Na ciro takardar da aka ba ni ranar da na sa hannu, muka bi lamba har muka same shi. Ƙasar ta kwanta, an kafa ɗan allo da sunansa. Tanti ta durƙusa tana addu'a tana share hawaye da gefen mayafi. Na durƙusa kusa da ita, na karanta abin da na iya. Na lura an rubuta sunan mahaifinmu da kuskuren harafi ɗaya. Na ce a raina sai na zo an gyara.

A hanyar dawowa ta ce mini danginta suna son ta koma Damagaram, amma ita ta yanke za ta zauna saboda karatun yaran. Ta sami aiki a kicin ɗin wata makaranta, za ta fara idan an koma hutu.

Ta ce, "Ke fa? Kina dai cin abinci?"

Na ce akwai wata Hajiya da ta sa ni gaba.

Ta ce, "Allah ya saka mata. Ki kawo mini ita in gan ta."

Ba zan iya nuna ranar da abin ya sake ni ba, domin ba a rana ɗaya ya sake ni ba. Wani lokaci a cikin shekara ta gaba na lura miya ta yi gishiri da yawa, na kuma ji haushi. Wani lokaci na yi dariya a waya da Inna. Kukan ya zo daga baya, kaɗan-kaɗan, a wuraren da ba su dace ba, sau ɗaya ma a layin biyan kuɗi a kanti. Har yau akwai sashen da bai dawo ba, na kuma daina jiransa.

Na kare kundina a wata safiya ta kaka, a wani ɗaki mai tagogi manya. Malamai biyar suka zauna a gaba, suka yi ta tambaya a kan arsenik, kamar yadda na zata. Tanti ta zo daga Paris da jirgin farko, da yaran, da manyan kuloli biyu na shinkafa da kaji. Ta zauna a layin baya kusa da Hajiya, su biyun ba mai gane abin da ake faɗi, suna dai kallon fuskokin malaman. Da aka fitar da mu don su yi shawara, Tanti ta matso ta ce a hankali, "Wancan mai gemun, mi ya sa yake ta matsa miki?" Na ce aikinsa ke nan. Ta ce ita dai bai yi mata ba.

Aka kira mu, aka miƙe tsaye, aka ce na ci. Malamata ta riƙe hannuna da hannu biyu. Turawan labo suka cinye shinkafar tas, mai gemun ma ya ƙara sau biyu, Tanti da kanta ta zuba masa. Bayan kowa ya watse muka wanke kulolin a famfon baranda, ni da ita da Hajiya. Aka fara yayyafi. Jirginsu na ƙarfe biyar ne, don haka muka ɗauki kuloli, ni da Tanti kowa da ɗaya a hannu, muka yi sauri zuwa tiram.